Amsa ga Malamin da ya ce ina yaudarar mutane a kan Vesta

Assalamu alaikum Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a wai wa ya auna cewa dutsen nan na sararin samaniya, Vesta, yana zagaya rana cikin shekara 3 da wata 7, kuma me ya sa nake tallata sunan gunki, sannan ka ƙara da cewa yaudarar masu karatu nake yi. Tambaya hakkinka ce, amma kalmar yaudara ta min ciwo wallahi, domin duk wanda ya daɗe yana karanta ni ya san ba na rubuta abin da ba a tabbatar ba.

To ga amsa. Vesta yana cikin tarin duwatsun da ke yawo tsakanin duniyar Mas da Jufita, faɗinsa kusan kilomita 525, wani likita Bajamushe Heinrich Olbers ya gano shi daga Bremen ranar 29 ga Maris 1807. Yadda ake sanin hanyarsa kuwa, ana duban inda yake tsakanin taurari dare bayan dare da na'urar hangen nesa, a yi lissafi, a ce ga inda zai kasance nan gaba, sai a jira a gani. In lissafin ƙarya ne ai dutsen ba zai zo wurin ba. An gwada wannan tun kan Ceres, wani daga cikin tarin duwatsun nan, wanda masanin taurari Piazzi ya gano a Palermo ta ƙasar Italiya ranar 1 ga Janairu 1801, ya ɓace cikin hasken rana, masanin lissafi Bajamushe Gauss ya yi lissafinsa, kafin shekarar ta fita aka sake ganinsa kusa da inda ya nuna. Vesta kuma hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba masa kumbon Dawn a 2007, ya iske shi a Yulin 2011, ya yi fiye da shekara yana zagaya shi yana ɗaukar hoto. Malam, ta yaya za a cilla kumbo ya yi tafiyar kusan shekara 4 ya tarar da abin da ba a san hanyarsa ba?

Zancen suna ba zan ja shi ba. Olbers ya bar wa Gauss ya raɗa, shi kuma ya ɗauko daga tatsuniyoyin Rumawa kamar yadda ake yi lokacin. Ambato na yi don a gane wanda ake nufi, ba bauta ba, kai ma ka sani.

Abin da ya fi damuna shi ne kana da hanyar tambayata kai tsaye amma ka zaɓi taro, kamar tafin jama'a ake nema ba amsa ba. Kuma ba ni kaɗai ake wa haka ba, da zarar mutum ya rubuta ilimin taurari da Hausa sai a fara tuhumar imaninsa kafin a duba hujjarsa, yara masu sha'awar abin su tsorata su yi shiru. In kana da lissafin da ya saɓa wa wannan ka kawo shi a fili inda ka kawo zargin, zan karanta shi tsaf.

Wassalam.