Kafin a ɗora bene a kan tsohon gini

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan aikin da na tsufa a cikinsa, wato gwajin kayan gini.

Kwanakin baya wani mai gida ya neme ni, yana so ya ƙara hawa biyu a kan ginin da ya gada, takardun ginin kuwa sun ɓata tuntuni. An bi masa ginshiƙai da gudumar Schmidt, wato na'urar da ake buga wa kankare don kimanta ƙarfinsa, lambobi sun yi kyau, har ya sayo rodi. Na ce Alhaji, a dakata tukuna. Gudumar nan fatar kankare kawai take taɓawa, kuma fatar tsohon kankare takan taurare saboda iskar da ta daɗe tana sha, ko da cikin ba shi da ƙwari.

Abin da ake yi shi ne a gano inda rodi yake don kada a yanke shi, sannan a huda da inji mai bakin lu'ulu'u ana zuba ruwa, a zaro curin kankare mai siffar gwangwani, faɗinsa kamar milimita 100, a matse shi a inji har ya fashe.

Lambar da ta fito ma ba a ɗaukarta haka nan. Gajeren curi yakan nuna ƙarfin da ba shi da shi, shi ya sa ƙa'idar gwajin curin kankare ta Amurka, ASTM C42, ta ce idan tsawo da faɗi ɗaya ne a ninka sakamakon da 0.87. Jiƙaƙƙen curi bai kai busasshe lamba ba. Saman ginshiƙi kuma bai kai gindinsa ƙarfi ba, domin ruwa sama yake tasowa lokacin zubi. Mai son faranta wa mai gida rai ya san inda zai huda.

Wasu kan kafa hujja da ACI 318, ƙa'idar ginin kankare ta Amurka: curi uku, matsakaicinsu ya kai kashi 85 cikin 100 na ƙarfin da aka tsara, kada ɗaya ya gaza kashi 75. To, ginin da ba wanda ya san me aka tsara masa, kashi 85 na me? Nan sai an ƙara yawan curi, daga wurare daban-daban.

Alhaji ya yi ta ƙorafin za a ɓata masa bango, daga baya ya yarda. Injiniya ya duba sakamakon ya ce hawa ɗaya kaɗai ginin zai ɗauka. Ragowar rodin na nan jibge a harabar gidan.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin kayan gini