Almakashi a hannun wa?

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwanan nan kiraye-kiraye sun yi yawa cewa a kafa doka mai tsauri a riƙa goge labaran ƙarya daga intanet, in ta kama ma a rufe dandalin sada zumunta ɗungurungum. Ban ga laifin masu wannan kira ba, don ni ma ƙarya ta taɓa shigo mana har ɗaki.

A watan Agustan 2014, lokacin da Ebola ta ɓulla a Najeriya, wayar mahaifiyata ta yi ƙara kafin asuba. Ƙanwarta ce, tana cewa a tashi kowa ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha, wai rigakafin cutar ne. Na fito na iske Inna tsaye da kofi a hannu, ga ta da hawan jini. Da ƙyar na raba ta da shi, tana faɗa mini wai na fi son mu mutu. Daga baya muka ji akwai waɗanda suka rasa rayukansu, wasu kuma sai da aka kwantar da su a asibiti.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, wace doka ce da za ta tare wannan kiran wayar? Saƙon ya taso daga wayoyin mutane, amma ya iso gidanmu ne a muryar 'yar'uwa mai ƙauna. Babu ma'aikacin kamfani ko na gwamnati da zai iya goge wannan. Tambayoyi biyu ne kaɗai za su tsayar da hannun Inna: wa ya faɗa, kuma a ina ya ji?

Sannan akwai maganar wanda za a damƙa wa almakashin. A ƙarshen Disambar 2019, wani likitan ido a birnin Wuhan na ƙasar Sin, Li Wenliang, ya gargaɗi abokan karatunsa cewa wata cuta mai kama da cutar numfashi ta SARS ta ɓulla, wadda daga baya aka sani da korona. Ranar 3 ga Janairun 2020 'yan sanda suka kira shi, suka sa ya rattaba hannu a takardar jan kunne wai ya yaɗa maganar da ba ta da tushe. Ya koma bakin aiki, cutar ta kama shi, ya rasu ranar 7 ga Fabrairu. Da sunan yaƙi da jita-jita aka toshe bakin mutumin da ya faɗi gaskiya. Malesiya kuwa ta kafa dokar hana labaran ƙarya a 2018, makonni kaɗan kafin babban zaɓe, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 6. A 2019 majalisa ta soke ta. Ko rufe dandalin ma ba ya hana komai. Da aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu hali VPN suka saka, wato manhajar kewaye shingen intanet, suka ci gaba da harkarsu. Mutum kuma in ya ga an goge wata magana, sai ya ce ai da walakin, ya ƙara riƙe ta da hannu biyu.

Ba ina cewa a bar komai sakaka ba. Wanda ya fito ya ce a je a kashe wasu, a cire maganarsa nan take, kotu kuma ta yi aikinta. Kamfanin Facebook da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da dandalinsa don tunzura tashin hankali a Myanmar. Na kuma yaba da matakin WhatsApp na 2019 na taƙaita tura saƙo ga wurare 5 a lokaci guda, domin ya rage wa ƙarya gudu ba tare da wani ya zauna yana yanke hukuncin mene ne gaskiya ba.

Gudun nan shi ne matsalar. Masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka sun wallafa a 2018 cewa a Twitter labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin yaɗuwa, kuma mutane ne suka fi tura shi, ba na'urori ba. Wato yatsunmu ne. Ƙasar Finland ta gane haka, shi ya sa ta shigar da tantance labari cikin manhajar makarantunta tun daga ƙananan azuzuwa: yaro ya koyi duba wanda ya rubuta abu, da yaushe, da abin da yake nema a wurinsa. Hanya ce mai cin lokaci, na yarda, amma yaron da ya koya zai tafi da ita duk inda ya je.

Inna yanzu in an turo mata hoto, takan miƙo mini wayar ta ce, "Duba mini, na yaushe ne?" Sai mu saka shi a manhajar binciken hoto. Sau da yawa tsohon hoto ne na wata ƙasa aka laƙaba masa sabon labari.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku ware fili kowane mako ku ɗauki jita-jita guda, ku nuna mana dalla-dalla yadda kuka bi diddiginta: wa kuka kira, wace takarda kuka duba, a ina hoton ya fara fitowa. Ina so in riƙa karanta wa Inna.

Naku,
Wani mai karatu