Rahoton Ayyukan Shekara: Gyaran Tsohon Gidan Hakimi

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Babban aikin bana shi ne tsohon gidan hakimin da ƙungiya ke kula da shi, ginin tubali mai tagogi da ƙofofi irin na zamanin Turawa. Kafin a taɓa komai, kwamitin gyara ya kai magina Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, tsohon mazaunin Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909, don su ga yadda soro da zankwaye suka zauna da manyan tagogi.

Yawancin ɓarnar da aka tarar siminti ne ya jawo ta. An taɓa shafe bangon gabas da shi, kuma ta gabas hadari ke bugowa. Bangon ƙasa yana fitar da damshi, siminti kuwa yana kulle shi a ciki, sai yaɓen ya saki, ƙasar ta zama gari. In ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga, to ciki ya rube. An ɓamɓare simintin, aka bar bangon ya sha iskar rani, sannan aka cike gurbin da sabon tubali na birji (jar ƙasar gini) da ciyawa, wanda ya yi mako 2 a shanya. Aka yi yaɓe, aka bi da makuba, wato shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa.

Kusurwoyin tagogi ma duk sun tsage. Tagar Bature tana da faɗi, azarar da aka ɗora mata gajeriya ce, ba ta shiga bango sosai ba. An sa dogaye. A tuna, azara ba ta son ta wuce kamar mita 2 ba tare da abin tallafi ba.

A kan soro, indararo ne ya toshe da ganye, ruwa ya kwanta har bakin azara ya ruɓe. An canza ruɓaɓɓun, an gyara gangaren, an shafe da laso, wato katsi da gashin jima da ruwan dafara. Katsin ne ya ba da wuya, don daga ramin rini ake samun sa, marina kuwa sun yi ƙaranci.

Koyar da matasa aikin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke rufin soro, bai samu ba, an ɗaga shi zuwa baɗi. Soron shigifa ma saura laso, kuma dole a gama kafin ruwan farko. Masu bashin kuɗin wata su tuntuɓi ma'aji.