Wasiƙa Zuwa Ga Aminina A Niyok Kan Karatun Share Fagen Likitanci

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi ƙwarai da ka ce ka yanke shawarar neman likitanci duk da digirinka na akanta ne. Allah ya sa albarka a ciki. Ka ce zuciyarka tana kan Jami'ar Columbia, kana neman ra'ayina. Zan faɗa maka gaskiya yadda na gan ta.

A gida yaro daga sakandare yake wucewa MBBS ya yi shekara 6. A nan Amurka sai mutum ya gama digiri na farko, kuma ya kasance ya yi bayoloji, kimistiri, oganik kimistiri da fiziks, kowanne shekara guda tare da aikin ɗakin gwaji. Wanda bai yi su ba shi ne yake shiga karatun share fage. Karatun kuwa kala biyu ne. Akwai na wanda bai taɓa karanta kimiyya ba, irinka. Akwai na wanda ya karanta amma makinsa ya yi ƙasa yana son gyarawa, kamar digiri na biyu na shekara ɗaya da Jami'ar Georgetown take bayarwa. Wannan na biyun ba naka ba ne, kada wani ya ja ka can.

Abin da ya fi damuna a kanka shi ne takardunka. Yawancin makarantun likitanci ta hannun AMCAS, cibiyar da ake neman gurbi ta wurinta, suke karɓar takardun masu nema, ita kuma ba ta lissafa makin da aka samo a jami'ar waje. Wato wahalar da ka sha a gida ba za ta fito cikin GPA ɗinka, matsakaicin makinka, ba. Abin da ka ci a nan shi kaɗai za su gani. Ɗan ƙasa da ya yi digirinsa a nan, in ya samu C ɗaya, tsofaffin makinsa za su rufa masa asiri. Kai ba ka da wannan rufin. Bugu da ƙari, makarantu da yawa suna sharɗanta aƙalla shekara guda ta karatu a Amurka ko Kanada, wasu suna neman fiye da haka, wasu ma sai digirin nan gaba ɗaya. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka zaɓi makarantun likitancin da kake buri, ka rubuta wa kowacce ka tambaye ta matsayin digirin Najeriya a wurinta. Katin zamanka na dindindin kuwa ka gode wa Allah a kansa, domin kaɗan ne cikin makarantun suke ɗaukar wanda ba shi da shi, kuma bashin karatu na gwamnatin tarayya ba a ba mai bizar ɗalibi.

Ban ƙi Columbia ba. Tun 1955 suke wannan shiri, suna da tsari. Bryn Mawr a Pennsylvania da Goucher a Baltimore su ma sun yi suna, a shekara ɗaya suke gamawa. Amma waɗannan biyun sai ka ajiye aiki ɗungurungum, ka ɗauke iyali ko ka bar su. Kuɗin su duka ukun kuma ba na wasa ba ne, ga shekara 4 na likitanci suna jiranka a gaba. Na san yadda maganar kuɗin ruwa take tsaya maka a rai, to kada ka fara tara bashi tun a bakin ƙofa. A garinku akwai Kwalejin Hunter ta CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin Niyok, da kuɗin ɗan jiha. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai wani bawan Allah da muka zauna aji ɗaya, yana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, da safe ya shigo ɗakin gwaji da kayan aikinsa a jiki, ido jajur, hannu yana rawa wajen auna sinadari. Ya fi yawancinmu ƙwaƙwalwa, amma ya ɗauki kwas huɗu a zango ɗaya, oganik ta kayar da shi. Ko ya maimaita, AMCAS da tsohon makin da sabon duk take lissafawa. Har yau abin yana yi mini ciwo. In za ka ci gaba da aiki, ka fara da kwas biyu, ka ci su da A, ko da za ka ƙara shekara.

Duk inda ka je, ka tambaye su ko suna rubuta wa ɗalibi wasiƙar shaida ta kwamiti, da sharuɗɗan samunta. Ka tambayi mutum nawa suka fara, nawa suka kai ƙarshe, don wasu suna ƙirga waɗanda suka tsira kawai su yi talla da su. Ka kuma ji ko suna da yarjejeniya da wata makarantar likitanci, wadda take sa ɗalibi ya tsallake shekarar jira ta neman gurbi.

Jarrabawar MCAT, wato ta shiga makarantar likitanci, kada ka taɓa ta sai ka gama bayokimistiri. Tun 2015 an saka mata ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa, makinta daga 472 zuwa 528, zamanta ya haura awa 7. Takardu kuma a tura su da wuri, farkon watan Yuni, domin ana cike guraben ne sannu a hankali. Masu nema suna haura 50,000 a shekara, waɗanda ake ɗauka ba su kai rabi ba.

Kana da abin da yawancinsu ba su da shi. A Bronx akwai 'yan'uwanmu na Nijar da Gana da suke zuwa asibiti ba sa jin Turanci sosai. Ka nemi aikin sa kai ko na tafinta a asibitin kusa da kai tun yanzu. Za su tambaye ka ko ka taɓa tsayawa kusa da majinyaci, kai ma kana bukatar ka gwada zuciyarka a wurin.

Ka zauna da uwargida ku yi lissafin shekarun tare, har da na horon ƙwarewa, wanda mafi ƙarancinsa shekara 3 ne. Sannan ka turo mini kwafin takardar makinka da jerin makarantun, mu duba ta waya ranar Lahadi in Allah ya kai mu. Ka gaishe mini da ita da yara, ka kuma isar da gaisuwata ga Baba in kun yi waya.

Naka amini,
daga Ohayo