Abin da ke ɓata pizza a ƙananan wuraren unguwa

Assalamu alaikum Edita. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka domin mu yi magana kan pizzar da ake sayarwa a ƙananan wuraren cin abinci da mashayu na unguwa, inda hankalin mai wuri yakan tafi ga giya da sauran abin sha, ita kuwa pizza ta zama 'yar rakiya. Kukan masu saye kusan ɗaya ne: baki ya yi tauri, tsakiya ta jiƙe sharkaf, da an ɗaga yanka sai ya langaɓe. Mai wuri ya yi ta ƙara cuku da nama, alhali matsalar tana cikin kwaɓi da tanda.

A fara da sikeli, a bar awo da ido. Ga fulawa kilo 1, a sa ruwa giram 620, gishiri giram 25, busasshen yis giram 2 zuwa 3. Wannan zai ba da curi 6 masu nauyin kusan giram 270, kowanne ya isa pizza mai faɗin santimita 30. Ruwan ya zama mai sanyi, domin ruwan da ya kai digiri 60 kashe yis yake yi. A murza na minti 10, a rufe a bar shi ya huta awa guda, a cuccura, sannan a sa a firji mai sanyin digiri 4 na awa 24 zuwa 48.

Nan ne gaggawa take cutar mutane. Wanda ya zabga yis don kwaɓi ya tashi cikin awa biyu zai ga kumburi, amma ba zai sami ɗanɗano ba, ga warin yis. A cikin sanyi yis yana aiki a hankali, fulawar tana saki, danƙonta yana laushi, shi ya sa take miƙuwa ba ta yagewa. Sai dai a fito da curin awa biyu kafin gashi. In yana da sanyi, ana ja yana komawa, a tanda kuma ya yi manyan bororo. Kuma da yatsu ake buɗe shi daga tsakiya zuwa gefe. Sandar murza fulawa tana korar iskar da aka kwana ana tarawa.

Jiƙewar tsakiya kuwa daga ruwa ne. Markaɗaɗɗen tumatir kada ya wuce giram 80, cuku giram 100. Ɗanyen cukun mozzarella ruwa gare shi, a yanka a tsane shi awa guda a rariya. Da zarar an shafa tumatir a tura tanda, in kwaɓin ya zauna sai ya manne wa allon da ake tura shi tanda da shi.

A Napoli ta Italiya, wadda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sana'ar masu pizzarta cikin gadon al'adun duniya a 2017, tandar itace tana haura digiri 430, gashi kuma ba ya wuce daƙiƙa 90. Tandar ƙaramin wuri da ƙyar take kai 250 zuwa 300, don haka kwaikwayon Napoli kai tsaye busasshiyar pizza yake haifarwa. Gyaran shi ne a ƙara mai giram 20 da sukari giram 10 a kwaɓin da muka faɗa, a shimfiɗa dutsen gashi ko farantin ƙarfe mai kauri, a bar shi ya ɗauki zafi na minti 45 zuwa awa guda. Ma'aunin zafi na tanda zafin iska yake nunawa, ba na dutse ba. Gashi minti 6 zuwa 8 ne. Lokacin da oda ta yi yawa da dare, a ba dutsen minti biyu zuwa uku tsakanin pizza da pizza, in ba haka ba ta huɗu za ta fito ƙasanta fari fat.

In ta fito, a ɗora ta kan raga minti guda kafin a yanka ko a sa a kwali, don tururi ya fice ta ƙasa.

Daga wasu masu sana'ar gashin pizza