Amsa ga Dakta kan gaskiya a karatun zaure

Assalamu alaikum, Dakta.

Na ji tambayar da ka jefo mini a shirin rediyo, ka ambaci sunana: wai mene ne gaskiya a wajenmu malaman zaure in ba abin da malam ya faɗa ba? Ka ƙara da cewa ɗalibanmu ba su iya Turanci da lissafi ba. Wannan ban ja da kai ba, ana ƙoƙarin gyarawa. Ta farkon ce ta ƙona mini rai, domin ƙage ne ga bayin Allah da suka rene mu.

Imamu Malik, wanda muke karantar da fiƙihunsa tun daga Ahalari har Risala, an ruwaito an yi masa tambayoyi 48, ya amsa 32 da "ban sani ba". Shi ne ya ce kowa ana karɓar maganarsa ana mayar masa, ban da ma'abocin wannan kabari, yana nufin Manzon Allah (SAW). Ibnu Sirin ya yi gargaɗi cewa wannan ilimi addini ne, a duba daga wa ake ɗaukarsa, shi ya sa hadisi ba ya tsayawa sai da isnadi, wato jerin mutanen da suka ruwaito shi. Imamu Gazali kuwa ya ajiye kujerarsa ta koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekarar 1095 saboda abin da yake da shi bai kai shi ga yaƙini ba.

A zaurenmu, ɗalibi na jan baƙi ya tsaya ya ce, "Allah gafarta Malam, sharhi ya saɓa da wannan." Sai malam ya sa a miƙo littafin, ya gyara tabarau, in bai gamsu ba ya ce a bari sai ya yi bita gobe. Na fi shekara talatin ina ganin haka, mutanen gari shaidu ne.

Ina zargin ba amsa kake nema ba, Dakta, tafin 'yan Facebook kake nema. Da gaskiyar ce ta dame ka, da ka fara da ɗalibin da ke shiga jarrabawa da satar amsa a safa, da malamin da ba ya ba da maki sai an sayi takardunsa, da yaran da ke yaɗa hadisan ƙarya a waya ba wanda ya tambaye su inda suka samo. Waɗannan yaran namu ne mu duka, kuma da yawansu ta ajinka suka biyo.

Wassalam.