Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Malam Shehu Dikko: kada hukunci ya tsaya a kan ɗan wasa shi kaɗai

Zuwa ga Malam Shehu Dikko,
Shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan 'yan wasanmu na guje-guje da tsalle-tsalle da ake kamawa da ƙwayoyin ƙara kuzari, da yadda muke yi da su kafin a kama su da kuma bayan an kama su. Tun da Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni a Oktoban 2024 ya miƙa aikinta ga hukumarka, wannan nauyi a wuyanka yake.

Zan fara da abin da ba ni da ja a kai. Ranar 31 ga Yulin 2021, ana sa'o'i kaɗan a yi zagayen kusa da na ƙarshe na tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokyo, aka dakatar da Blessing Okagbare. An samu HGH, sinadarin ƙara girman jiki, a jininta, daga baya aka ƙara gano EPO, sinadarin ƙara jini, a wani gwajin da aka yi mata a Legas. A Fabrairun 2022 aka yanke mata shekara goma: biyar saboda ƙwayoyin, biyar saboda ta ƙi ba masu bincike haɗin kai. Bayan 'yan watanni aka ƙara mata shekara ɗaya. Tana da shekara 33 a lokacin, don haka hukuncin ya rufe littafinta ke nan. Na ji zafin abin, domin ita ce ta ci mana zinare biyu a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014. Amma hukuncin daidai ne, kuma bai kamata wani ɗan Najeriya ya ji kunyar faɗin haka ba.

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa ƙyamar wannan maguɗi, don an taɓa cutar mu da shi. A gasar Olamfik ta Sydney a shekarar 2000 'yan tserenmu na miƙa sanda na mita 400 sau huɗu suka zo na biyu a bayan Amurka. Shekaru bayan nan Antonio Pettigrew na tawagar Amurka ya amsa cewa da ƙwaya ya yi gudun. Sai a Yulin 2012 aka tabbatar wa Najeriya da zinaren. Sunday Bada, wanda ya yi gudun nan da ƙafarsa, ya rasu a Disambar 2011. Bai rataya zinarensa ba, bai ji an buga masa taken ƙasa ba. Duk mai cewa a yi wa masu shan ƙwaya sassauci don “namu ne”, to ya fara zuwa ya yi wa iyalan Bada bayani.

Inda nake da magana shi ne abin da ya faru kwana biyu ko uku kafin a dakatar da Okagbare. Sashen AIU mai sa ido kan ɗa'a a wasannin guje-guje na duniya ya hana 'yan wasa 20 shiga gasar Tokyo, kuma 10 daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Ba a samu komai a jikinsu ba. Ƙa'idar ita ce, ƙasar da ke rukunin da aka fi zargi, kamar tamu, dole a yi wa kowane ɗan wasanta gwajin ba-zata sau uku cikin watanni goma kafin babbar gasa. Shirya wannan gwaji aikin jami'ai ne. A lokacin hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta Najeriya, AFN, ta rabu gida biyu ana rigimar kujera. Yaran nan sun riga sun isa Japan, sun karɓi ɗaki, sun rataya katin gasa a wuya, sannan aka ce su koma gefe. Duniya ta ga hotunansu sanye da koren kayan Najeriya, riƙe da kwalaye da suka rubuta kokensu da hannu, suna zagaya masaukin 'yan wasa.

Dubi abin da ya biyo baya. Annette Echikunwoke, ɗaya daga cikin goman, ta koma yi wa Amurka wasa, ta ci azurfa a jifan guduma a Olamfik ta Paris a 2024, gasar da Najeriya ta dawo daga gare ta hannu rabbana. Favour Ofili, ita ma tana cikin goman, ta cancanci tseren mita 100 a Paris ɗin, amma ba a shigar da sunanta ba. Sau biyu ke nan ana cinye mata guminta a ofis. Tsohon minista John Enoh ya kafa kwamiti, kwamitin ya miƙa rahoto. Ranka ya daɗe, rahoton nan yana cikin abin da ka gada. Ka fito ka gaya wa 'yan ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, wace shawara aka aiwatar, wane jami'i ya bar kujerarsa, wa aka biya diyya. Ɗan wasa idan ya yi laifi, sunansa da hotonsa da yawan shekarun da aka yanke masa suna kan intanet kafin faɗuwar rana. Babu dalilin da zai sa na jami'i ya maƙale a cikin fayil.

Haka batun masu ba da ƙwayar. Ɗan wasa ba ya haɗa EPO a ɗakinsa. Wanda ya samar wa Okagbare, Eric Lira na birnin El Paso, Amurka ce ta gurfanar da shi a ƙarƙashin dokar Rodchenkov mai hukunta masu hannu a maguɗin ƙwaya a wasannin duniya, ya amsa laifinsa a 2023, aka ɗaure shi wata uku. Daga wannan binciken ne aka kai ga ɗan tserenmu Divine Oduduru, wanda ya samu shekara shida. Wata ƙasa ce ta bi sawun har gindin abin. Mu kuwa tuna Chika Amalaha: tana da shekara 16 ta ci zinare a ɗaga nauyi a Glasgow, aka ƙwace bayan an samu magungunan da ke sa yawan fitsari a jikinta. Yarinya 'yar shekara 16 da ke hannun masu horarwa da jami'an tawaga, wa ya miƙa mata? Duk sanda aka kama ƙaramin yaro ko yarinya, ya zama wajibi a binciki manyan da ke kewaye da su, a kuma bayyana sakamakon.

Akwai kuma jahilci, wanda ya fi yawa a nan ƙasa-ƙasa. Ka san filayen unguwanninmu fiye da ni. Yaro zai buge ƙafa a atisaye, ya ɗingisa zuwa kemis, ya ce “a haɗa min na ciwon jiki”. Mai shago ya ɓalle ƙwayoyi kala uku ko huɗu ya ƙulle masa a farar leda, babu kwali, babu suna. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta tramadol a lokacin gasa, kuma dokar duniya ta ce ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Yaron nan ba a taɓa karanta masa jerin haramtattun magunguna da harshen da yake ji ba. A fassara jerin zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci, a karanta a rediyo, a sa ya zama sharaɗi kafin a yi wa kowane ɗan wasa rajistar gasar wasanni ta ƙasa ko ta matasa. Wannan ba aikin biliyoyi ba ne.

Sai batun dawowa. A 1992 aka dakatar da Chioma Ajunwa shekara huɗu, duk da ta dage cewa ba ta sha komai da saninta ba. Tsohon ɗan ƙwallon ƙafa Segun Odegbami ne ya tsaya mata a lokacin da aka juya mata baya. Wa'adin na cika ta je Olamfik ta Atlanta a 1996, a dogon tsalle, tsallenta na farko ya kai mita 7.12, ta zama mutum na farko da ya ci wa Najeriya zinaren Olamfik shi kaɗai. Da an bi ta masu cewa wanda ya faɗi sau ɗaya ya faɗi har abada, da wannan zinare bai zo ba. Abin da ke damuna shi ne mutum ɗaya ne ya ɗauki wannan ɗawainiya don Allah. Ƙasa ba za ta riƙa jiran a yi dace da wani mai tausayi ba.

Ba ina cewa a share laifi ba ne. Wanda aka dakatar ya cika wa'adinsa cif, ya mayar da kuɗin kyautar da ya ci da maguɗi, ya faɗi inda ya samo ƙwayar, ya yarda a ci gaba da ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba ana gwada shi. Dokar WADA da kanta tana rage wa'adi ga wanda ya taimaka aka kama wasu. Idan ya yi waɗannan, to a buɗe masa ƙofa da gaske, kada a ce ya dawo sannan a riƙa tsallake sunansa a ɓoye. A tsawon dakatarwar kuma a samu wani ofishi a hukumarka da zai san inda yake, ya taimaka masa da karatu ko sana'a, domin yawancinsu ba su da abin yi sai gudun nan, kuma akwai iyaye da ƙanne da ke ci daga ƙafarsu. Wanda ya ƙi magana ya rufa wa dillali asiri, shi ya zaɓa wa kansa.

A kuma kare wanda aka wanke. An tuhumi 'yar tserenmu Tobi Amusan a Yulin 2023 da tsallake gwaji uku cikin shekara guda, kwamitin ladabtarwa ya wanke ta, kotun wasanni ta CAS ta tabbatar da hakan a 2024. Tuhuma daban, hukunci daban, kuma hukumarka ce ya kamata ta riƙa tuna wa jama'a hakan.

Gasar Olamfik ta Los Angeles tana tafe a 2028. Ina roƙon kafin a fara zaɓen 'yan wasa, hukumarka ta wallafa jadawalin gwajin duk wanda ake sa ran zai je, tare da sunan jami'in da zai amsa tambaya idan aka tsallake ko da gwaji ɗaya.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke wannan amana.

Wassalam,
Wani mai bibiyar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle.